Ranar da Aka Auna Hankalin Gwaggo

Jama'a, jiya na raka maƙwabciyata Gwaggo Tela ofishin da ake auna hankalin tsofaffi. Wallahi ban san akwai shi ba. Ɗanta ne ya kai ƙara, wai ta rikice, doka ta damƙa masa ragamarta. Ragamar kuwa gidanta ne, kuma tuni ya samo mai saye.

Muka zauna a benci har ƙafafuna suka mutu, sannan Mai Girma Ma'aunin Hankula ya iso yana sakace. Ya tambayi sunanta, ta faɗa. Ya amsa waya, ya sake tambaya, ta sake faɗa. Sai ya hau laluben tabarau, alhali yana bisa goshinsa.

Ya nuna ɗan nata. "Baba, kin san wannan?"

"Ban san shi ba."

Ɗan ya washe baki, Mai Girma ya zari biro.

Na ce, "Ranka ya daɗe, fushi ne fa, ba mantuwa ba!"

"Kai lauyanta ne?"

"Maƙwabci ne."

"To doka ba ta san maƙwabci ba."

Gwaggo ta gyara zama. "Yaro, rubuta da kyau. Wanda na haifa yakan shigo ya gaishe ni. Wannan katanga yake zuwa gaisarwa, yana auna ta da taku. In kana shakkar ƙwaƙwalwata, wandon da ke jikinsa ni na ɗinka, bai ko ce sannu ba."

Masinja ya ƙyalƙyale da dariya. Mai Girma ya murtuke, ya ce a kawo fayil ya yanke hukunci. Aka duba durowa, aka duba kan kabad, aka ɗaga labule. Babu fayil. Mai Girma ya rantse ya ba sakatare, sakatare ya rantse bai taɓa gani ba.

Gwaggo ta raɗa mini, raɗar da aka ji har bakin ƙofa: "Shi wannan wa ke auna nasa?"

Aka ɗage zama sai fayil ya fito. Kafin nan, ba mai taɓa gidan.

Ni da na tsufa ina zagin ɓatan fayil, jiya har ofis na yi wa addu'a. Allah ya ƙara wa manyanmu mantuwa, Gwaggo ta ci gaba da kwana a ɗakinta.