'Yan Biyun Bayan Akori-Kura Sun Ce Ga Garinku Nan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugun da har yanzu bai daina ciwo ba, ni direban akori-kurar nan mai kai ƙwai daga gona zuwa shaguna, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar shokazoba biyu na bayan motata, Na Dama da Na Hagu. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da hantsi, a cikin ramin da ke gaban gidan mai, suna ɗauke da kiret arba'in na ƙwai. Tare suka zo, tare suka tafi.

Marigayan sun yi shekara tara a ƙarƙashin mota ba su taɓa neman a gode musu ba. Masu haƙuri ne, masu rufin asiri. Duk ramin da na faɗa su suke shanyewa, ni kuma a yaba mini iya tuƙi, in karɓa ko kunya babu. Sun ɗauki buhunan abincin kaji, sun ɗauki firjin ƙanwata ranar da ta sauya gida, sun ɗauki surukata da keken ɗinkinta a hanya mai gargada har ta yi gyangyaɗi.

An saba cewa bayan gajeriyar rashin lafiya, amma ba zan yi wa mamata ƙarya ba. Wata biyar suka yi suna jinya. Na Hagu ne ya fara, da 'yar siririyar murya, "ƙiii, ƙiii." Can Na Dama ya kama masa, "gwaf, gwaf." Bakanike ya leƙa, ya shafo man da ke tsiyaya a jikinsu, ya nuna mini yatsa, ya ce wannan hawayen ban kwana ne. Uwargida ma ta yi magana har ta gaji. Ni kuwa na gano magani mai sauƙi: duk lokacin da suka yi kuka, sai in ƙara wa rediyo murya. Ranar Lahadi rediyon ya ƙure murya.

Kalmarsu ta ƙarshe ita ce "gwaram." Bayan motar ya yi tsalle sau uku kamar ɗan akuya, na leƙa madubi na ga ruwan ƙwai yana bin kwalta. Kiret shida ne suka tsira. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ni kam na ji shi a gaban jama'a.

Mai gona, wadda nake yi wa dako shekara shida, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ranar Alhamis za ta sake loda mini mota. Idan ƙwai ɗaya ya tsage, aikin ya koma hannun mai farar motar nan da ya daɗe yana zuwa gaishe ta ba dalili. Da aikin nan nake ci da gidana.

Marigayan sun bar ƙanne biyu a gaba, su ma ba lafiya ce ta ishe su ba. Sun bar sifirin ɗin baya, ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota, wanda yanzu ya zama maraya, da tayoyi huɗu, ɗaya mai sanƙo, da rediyo wanda iyalan ba sa magana da shi.

Game da magada, an samo su a layin masu kayan gyara da ke bayan tasha. Na je da gawar Na Hagu a buhu don a gwada tsayi. A shagon farko aka miƙo mini wasu suna ƙyalli, sabon fenti har yana kama hannu. Na danna ɗaya kamar yadda bakanike ya koya mini, ya nutse ya ƙi tasowa, ashe gawa ce aka yi wa kwalliya. Araha ba ta ado. Sai a shago na uku, wurin wani dattijo mai tabarau, na sami manya masu ɗaukar kaya, a kwalinsu ba a buɗe ba. Na danna da ƙyar, suka taso a hankali cikin natsuwa. Ya ce biyu ake sauyawa tare, ba a haɗa tsoho da yaro aiki ɗaya.

Za a sallami marigayan gobe Laraba da ƙarfe goma a garejin bakanike. Na Dama zai bi mai sayen tsohon ƙarfe. Na Hagu kuwa uwargida ta riga ta karɓe shi, za ta riƙa tokare ƙofar kicin da shi, wai in riƙa ganinsa kullum. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, kuma a zo da burodi, ƙwai dai akwai.

Ranar Alhamis zan bi ta gaban gidan man nan da rediyo a kashe. Idan kuka ga na dawo ina raba wa maƙwabta fasassun ƙwai, kada a naɗe tabarmi, akwai wani zaman makokin.