Kumbon da Tasalla Ta Hana Tashi

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu, dabbobi suka kafa Hukumar Zuwa Wata, don sun ji cewa dajin gabas ya tura 'ya'yansa can har sun dawo da tsakuwa. Aka yi wa hukumar ofis a gindin kuka, aka naɗa Dila Jatau shugaba da mataimaka goma sha ɗaya. Ƙera kumbon kuwa aka bar wa wata gafiya, Malama Tasalla, ita da garar da ke aiki a ƙarƙashinta.

Damina bakwai Tasalla ta yi a kan aikin nan. Kumbo uku suka tarwatse a gabanta, na biyun ma ya tafi da rabin jelarta. Na huɗu ne ya tsaya, na gora da ƙarfe, an toshe kowace kafa da ƙaro. Ta auna ta sake aunawa: bushiya uku zai ɗauka da guzurinsu, ko tsinke ba zai ƙara ba. Bushiyoyin ma ita ta horar da su. Babbarsu, Ladiyo, ta sha wulwulawa a cikin ƙwarya har juwa ta daina kama ta.

Saura kwana huɗu a tashi, aka kira Tasalla gaban majalisa da hantsi.

Jatau ya gyara murya ya ce, "Malama, hukuma ta yaba da ƙoƙarinki. Sai dai mun duba 'yan sama jannatin nan, duk ƙanana ne. In sun sauka a Wata, wa zai hango su? Dajin gabas zai ce ba mu da manya. Don haka majalisa ta ƙara suna ɗaya: Tumbuleke, ɗan Hajiya Dorina, wadda kowa ya san yadda take tsaya wa wannan hukuma. Bushiyoyin sai su raka shi, su riƙa yi masa hidima a hanya. Ga takarda, ki sa hannu cewa kumbo ya shirya."

Tasalla ta dubi Tumbuleke. Yana gyangyaɗi a kan abin da ya rage na wani benci.

"Ranka ya daɗe, bushiya uku kumbon nan zai ɗauka."

"Da wane ma'auni kika auna?" in ji Hawainiya, mataimakiya ta shida. "Ai akwai wanda ya fi shi girma."

Tasalla ta miƙe a kan ƙafafunta na baya ta ce, "Ranku ya daɗe, ni ban iya zaƙin baki ba, abin da na sani zan faɗa. In aka sa yaron nan a ciki aka kunna wuta, kumbon zai ɗaga tsawon giginya biyu, ya karkace, ya faɗo. Shi zai mutu. Ladiyo da 'yan uwanta za su mutu. 'Yan kallon da ke gaba za su ƙone. Ku kuka ɗauke ni aiki, kuna da ikon kora ta yanzun nan, amma hannuna ba zai hau takardar nan ba."

Kafin azahar aka kore ta. Hawainiya ta zama babbar injiniya, ta sa hannu wuri huɗu, kowanne da launinsa.

Ranar tashi daji ya cika, ana ta kiɗa. Aka shafe Tumbuleke da man kaɗanya, giwaye biyu suka tura shi ta ƙofa yana kuka. Ladiyo ta zo wucewa ta gaban Tasalla, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, an ce in mun ƙi shiga za a kore mu daga dajin, mu da 'ya'yanmu."

Tasalla ta juya. Ta ratsa taron, ta gangara ramin da ke ƙarƙashin kumbon, inda wuta ke fitowa, ta zauna. Warin albarushi ya cika mata hanci.

"Malama, ki fito!" in ji Jatau.

"Ku kunna, ranka ya daɗe. Ai takarda ta ce lafiya lau."

Kiɗa ya tsaya. Sai ga gara suna gangarowa a jere, suka kewaye ta. Bushiyoyin uku suka diro ta taga, suka shiga ramin su ma. Tunku, wanda ke riƙe da bakin wutar, ya leƙa ƙasa, ya dubi shugaba, ya ce, "Ni kumbo aka ce in kunna. Ba a ce har da Malama ba." Ya tsoma itacen a cikin tulu.

Hajiya Dorina ta matso, ta rage murya. "Jatau, maganar da take yi a kan yarona, gaskiya ce?"

"Majalisa za ta duba, Hajiya."

Majalisa ta shiga ofis ta duba. Da ta fito aka yi shela cewa saboda cinkoso, za a harba kumbon daga wani ɓoyayyen wuri. Ɓauna shida suka ja shi zuwa bayan dutsen yamma, inda wata busasshiyar fadamar kanwa ke shimfiɗe fari fat. Washegari Aku ya zagaya daji yana sanar da cewa Tumbuleke ya taka Wata, ya same shi fari, yana da ɗanɗanon kanwa. Aka raba lambobin yabo goma sha uku. Tasalla kuwa aka hana ta ko giftawa ta gindin kuka har abada.

Ta koma ƙarshen dajin, ita da gara da bushiyoyi, suka fara saran gora. Wata rana Ladiyo ta same ta tana zana kumbo na biyar a ƙasa, ta ce, "Malama, in sun sake kawo mana wani babba fa?"

Tasalla ta nuna mata ƙofar da ta zana. "Gwada shiga."

Sai da Ladiyo ta kwantar da ƙayoyinta duka sannan ta wuce.

Manyan dajin kuwa ba su fasa ba. Duk shekara sukan je Wata da ƙafa, su dawo kafin la'asar.