Ranar da Na Kai Ƙarar Hayaƙi Gaban Dagaci

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da abin da na jawo wa kaina a Kura ba, zamanin mulkin soja, ina sabon duba-gari mai gogaggen kaki da ɗan banzan girman kai.

Kullum na dawo daga zagaye da yamma sai in tarar hayaƙi ya tokare unguwarmu, mai ɗaci, irin na buntun shinkafa. 'Yata Ladidi, mai shekara uku, tari take yi har idonta ya firfito. Raina ya ɓaci. Ga injin casar Alhaji Sule a bakin titi, buntu tsibi guda a bayansa. Wane bincike kuma? (Wai ni mai takardar shaidar kiwon lafiya.)

Na kai ƙara. Ranar zama dattawa suka cika zauren Dagaci, na miƙe na dinga zuba faɗa. Na ce mai wannan hayaƙin mugu ne, mara imani, mai kashe 'ya'yan mutane. Na ce a garƙame injin yau ɗin nan, ma'aikatansa su nemi wata sana'a.

Alhaji Sule ya bari na gama tsaf, ya gyara zama.

"Allah ya ja zamaninka, mu ba ma ƙona buntu. Mata masu turara shinkafa ke kwashewa su yi makamashi. A unguwar Malam kuwa mutum ɗaya ce ke ɗiba, jaki uku kullum."

"Wace ce? Faɗi sunanta!" na daka masa tsawa.

"Inna Hajara."

Mahaifiyata ke nan. Na san tana turara shinkafa a kangon bayan gidanmu, amma ni da na leƙa masan kowa a garin, ban taɓa zagayawa na ga da me take hura wuta ba. Sai dariya ta sarƙe wani tsoho. Dagaci ya ce, "To Malam, doka a hannunka take. A garƙame Innar?"

Don baƙin taurin kai na rubuta takardar gargaɗi na kai mata. Ta juya ta, ta cusa ƙarƙashin gangar turara shinkafa, wuta ta kama.

"Kai Ɗanlami, hayaƙin nan shi ya yi maka karatun da kake zagina da shi."

Washegari ta sa aka kwashe gangunan zuwa bakin kwatar ruwa a bayan gari, ba don takardata ba, don jikarta. Tarin Ladidi ya lafa. Ni kuwa wata guda ina canza hanya don kada in wuce gaban injin.

Har yau haushin kaina nake ji. Tun daga ranar, kafin in kira wani mugu a bainar jama'a, sai na zagaya bayan gidanmu tukuna.