Rasuwar Takobin Kwali na Gidan Kuwabara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya ƙi rufuwa don murna, ni Fumie Kuwabara, mai shagon taliya a unguwar Tennoji ta Osaka, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar takobina, Tsawa, wanda ya faɗi a fagen daga ranar Asabar da ta wuce, a gaban kyamara.

An haifi marigayin daga kwalin firiji. Mijina Shigeo ne ya yanka shi, ya liƙa masa takardar azurfa, a shekarar da na kamu da son Gimbiyar Gishiri, jarumar littafin manga, wato labarin zane-zane, da nake karantawa ina juya romo. Tun daga nan bai taɓa fashin taron masoyanta ba. A kan idonsa littafin ya zama katun a talabijin. Takobi ne mai haƙuri, bai taɓa yankar ko ƙuda ba. Ƙofar jirgin ƙasa ta taɓa matse shi, ya ce "ƙwas", ya yafe. In an kaɗa shi kuwa, sai ya amsa "fuf-fuf" cikin ladabi.

Ajali ya kira shi ne ranar da aka nemi 'yan cika fage a Kyoto, inda ake mayar da labarin fim na mutane. 'Yata Chizuru ta ce, "Mama, kin haura sittin fa. Ki bar wa yara." Na ce, "Yaran nan ba a haife su ba na san gimbiya." Muka kama hanya, ni da marigayi.

A can wani ma'aikaci ya miƙo mini mashi na roba, na ƙi karɓa. Ya ce, "Goggo, naki kwali ne, kuma za a saki ruwan sama na ƙarya. In kika ɓata mana ɗauka, waje za ki yi." Na ce, "Ɗana, ruwan ƙarya ai ba ya jiƙa."

Ashe yana jiƙawa.

Ana sakin ruwan, sai ga mugun da ke cikin labarin ya taho da gudu ta gabana, mutumin da ya kashe wan gimbiya. Na manta wasa ake yi. Na bar layina, na ɗaga Tsawa, na sauke masa a ka. Marigayi ya yi furucinsa na ƙarshe, "ɓus", ya nannaɗe a wuyan mugun kamar taliyar da ta wuce wuta. Ɗan wasan, ɗan halak, sai ya durƙusa yana shure-shuren mutuwa. Darakta ya daka tsawa, "Wace ce wannan tsohuwar?" Har na fara neman hanyar ƙofa, sai ya ƙara da cewa, "Kada kowa ya taɓa ta! Haka za a bar shi a fim!"

Marigayi ya rasu ya bar kubensa, da garkuwar murfin tukunya, da gashin kanti shuɗi, da Shigeo, wanda tun ranar yake zagaya firijinmu yana cewa ya tsufa, ya kamata a sayo sabo.

Za a fitar da gawa ranar Alhamis da safe, ranar kwasar sharar takardu, a ɗaure da igiya kamar yadda dokar unguwa ta tanada. Takardar azurfar kuwa sai Litinin, don hukuma ba ta yarda a haɗa su ba. Za a yi zaman makoki a shago, taliya kyauta ga duk wanda ya zo da shigar jarumi. Mugun ya aiko da furanni, ya ce zai halarta da kansa, don haka ana roƙon masu ta'aziyya su ajiye makamansu a bakin ƙofa. Ni ma an ce in ajiye ludayi.