Kaset ɗin da Na Ajiye a Kurfi

Lokacin da nake kwafar kaset a Dutsin-Ma, duk mai muhimmanci nakan yi masa kwafi in ajiye gidan wana a Kurfi, saboda gobara. Wani Alhaji ya ba ni ajiyar muryar marigayi mahaifinsa, yana ta ɗar-ɗar.

Na ce, "Alhaji, ko shagon nan ya ƙone, muryar Baba tana Kurfi." Don ya yarda, na goge na asalin a gabansa.

Muka hau babur har Kurfi, na kunna masa kwafin. Ashe ranar da na yi kwafin ban jona wayar da ke haɗa rikodojin biyu ba, sai sautin shago ya ɗauka. Ni kaɗai ne a ciki, ina shan rake.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya yi tafiyarsa. Har yau in akuya ta ɓace a unguwa, sai a tambaye ni, "Malam, ko tana Kurfi?"