Ƙoƙon Faɗuwa

A Dajin Madaci, ƙarƙashin mulkin Sarki Ɓauna, kowace dabba ta san matsayinta, kuma kowace dabba tana son wasan kwando. Ana rataye kwando a reshen tsamiya, birai biyar a nan, biyar a can, su yi ta fafutukar jefa goruba a ciki. Wasan kashi biyu ne. Akwai na ƙwararru, ƙattin birai masu shan zuma a fada, waɗanda Hankaka ke yawo da labarinsu kowace safiya: wane ya koma wani daji, wane ya gurɗe a ƙafa, wane ya ce zumar ta yi masa kaɗan. Akwai kuma na ɗalibai, waɗanda ba a ba su komai sai sa albarka. Manya sun ce wasan ɗalibai ya fi tsarki, don da zuciya ɗaya suke yin sa. Shi ya sa a kansa ake caca.

Kunkuru ke riƙe da cacar. Kafin wasa yakan ajiye ƙoƙo biyu masu murfi a bayan fili, ɗaya na nasarar 'yan gida, ɗaya na faɗuwarsu. Mai caca ya kawo zumarsa, ya tsige gashi daga jikinsa, ya jefa a ƙoƙon da ya zaɓa. Gashin nan shi ne shaidarsa ranar biya, kuma Kunkuru, da yake ba mai gaggawa ba ne, sai bayan kwana bakwai yake biya. Ba a taɓa buɗe ƙoƙo a gaban jama'a ba.

A shekarar da ake magana, babu hannu irin na Lantana, 'yar jan biri, ɗalibar Makarantar Kurmi. Ranar wasan ƙarshe da baƙi 'yan dajin gabas, jifa ɗaya ya rage, ita ce da goruba, babu kowa a gabanta. Ta jefa, gorubar ta wuce ta hagun kwando, baƙi suka ci wasa. Kwana uku bayan haka majalisa ta zauna, aka tuhume ta da sayar da wasa. Hukuncin laifin shi ne kora zuwa hayin kogi, ba dawowa.

Kura, mai gabatar da ƙara, wanda zumarsa ta tafi a ƙoƙon nasara, ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ba don zumata nake kuka ba, ko da yake zuma ce mai kyau. Tarbiyya nake wa kuka. Idan 'ya'yan da muke ciyarwa da albarka suka fara kwaɗayi irin na ƙwararru, a kan wa kuma mutumin kirki zai yi caca?"

Zalɓe, shugaban makarantar, ya ce shi dama ya daɗe yana ganin wani abu a idon yarinyar. Galadima Gadu ya ba da shawarar a yanke hukunci kafin rana ta yi zafi, tun da dogon bincike ɓata suna yake yi.

Aka ba Lantana dama. Ta ce ba wanda ya ba ta ko ɗigon zuma. Tun tana ƙarama, in ji ta, duk jifan da za ta yi sai ta ji muryar mahaifinta Mati ta keto ta cikin taro yana kiran sunanta. Duk dajin ya san Mati. Bai taɓa fashin wasa ba, ya haddace jifan kowane ɗan wasa tun zamanin kakan sarki, har a wurin makoki maganar kwando yake yi.

"Ran nan na ɗaga hannu, ban ji shi ba," in ji ta. "Na waiwaya na gan shi ya rufe baki da hannu biyu, idonsa a kan kwando, ba a kaina ba. Na san fuskar Baba in yana fatan goruba ta shiga. Wannan ba ita ba ce."

Kura ya ji ƙanshin nama. Ya nemi a buɗe ƙoƙon faɗuwa a ga wanda ya ci riba. Sarki ya tuna masa al'ada. Galadima ya tuna masa zafin rana. Amma ƙananan dabbobi, waɗanda kusan dukkansu a nasara suka jefa don son garinsu, suka fara guna-guni, kuma kafin Kunkuru ya gama jan ƙoƙon zuwa bayansa, Kura ya kifar da shi da ƙafa.

Jan gashin biri ya faɗo, kowa ya gane shi. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ga gashin fiffike irin na Zalɓe. Ga kaushin gashin ƙeyar Gadu har guda huɗu. Ga kuma wani dogon baƙin gashin wutsiya, wanda duk majalisar ta kalla sau ɗaya ta ɗauke kai, ta shiga nazarin ganyen tsamiya.

Mati kaɗai ya miƙe. Ya fuskanci sarki.

"Ranka ya daɗe, nawa ne. Ban saye ta ba, ban ce mata komai ba. Ni na koya mata jifa, na san in ta gaji hannunta hagu yake karkata, kuma na ga yadda ta tashi da safen nan kafaɗarta na ciwo. Ni na gasa mata kafaɗar. Daga nan na wuce wurin Kunkuru."

Ba wanda ya yi dariya, har Kura.

Sarki Ɓauna ya daɗe yana tuƙa, sannan ya yanke hukunci cikin muryar da ake ajiyewa don manyan ranaku. An yafe wa yarinya, cikin tausayin fada, laifin da ba ta yi ba. Kura zai nemi gafarar al'ada. Kuma tun da an ga irin fitinar da gashi ke jawowa tsakanin iyaye da 'ya'ya, daga yau da tsakuwa za a riƙa caca, don tsakuwa ba ta kama da kowa. Majalisa ta yaba wa hikimar sarki, Zalɓe ya fi kowa ɗaga murya.

Lantana ta kama hanyar gida, Mati na bin ta a baya da taku uku, kamar shi ne ɗan. Hanyar ta bi ta bakin kogi. Can suka tarar da manyan majalisa sun riga su, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, ya sunkuya yana zaɓen tsakuwa.

Mati ya rage tafiya. Bai sani ba ma ya rage.

Lantana ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ɗauki, Baba, in kana so," ta ce a hankali. "Na daina waiwaye."