Mai Wutsiya Biyu Ya Je Gaida Shogun

Duk wanda ya ce ƙasar Sawatari ba ta taɓa haifar babban mutum ba, to bai ga ubangidanmu Hirasaka Munetora ba. Ƙauye uku yake mulki, da dutse ɗaya, da wata gada da sai doki ya yi dogon tunani kafin ya taka. Amma in ya buɗe baki, sai ka rantse teku ma da izininsa take motsi. Bai taɓa zuwa yaƙi ba, don an gama yaƙe-yaƙe tun kakansa na da haƙora. Duk da haka takobinsa na da suna, kuben na da suna, tsumman da ake goge shi ma na da suna. Mu dai a bayan idonsa Mai Wutsiya Biyu muke ce masa, kuma wando ne ya jawo masa.

Kowa ya san dogon wandon nan da iyayen ƙasa ke sawa in za su gaida Shogun, babban mai mulkin ƙasa gaba ɗaya, a birninsa Edo, mai ƙafafun da ke wuce ƙafar mutum su biyo shi a ƙasa, don kada wani ya iya gudu ko tsalle da takobi a cikin fada. Na kowa kamu biyu yake ja. A zuwansa na farko sai ubangidanmu ya ga na wani babba ya ɗara nasa da taƙi guda. Kuskuren tela ne, amma shi a ranar ya gano sirrin duniya.

"Gonzaemon," ya ce wa tsohon wakilinsa, "yau na fahimci mulki. Girma a baya yake, ba a gaba ba."

Tun daga nan duk zuwa sai an ƙara tsawo. Kamu biyar, kamu goma sha biyu, kamu talatin. A shekarar da nake ba ku labari kuwa, cewa ya yi a kwaso masa duk saƙar ramar da matan ƙauyukan uku suka yi tun bazara, wadda suka ajiye don rigunan sanyi.

Oshige ce shugabar masaƙa, bazawara mai shekara hamsin, tafin hannunta duk faso. Ita aka kira ta ɗinka. Ta durƙusa, goshi a tabarma.

"Ranka ya daɗe, ƙyallen nan na sanyi ne. Saura wata biyu ƙanƙara ta rufe mu."

"Ke tsohuwa, sunan gidan Hirasaka ba ya ɗumama ki?"

"Bara mun gwada lulluɓa da shi, ranka ya daɗe. Mutum huɗu muka binne."

"Ka ji ko, Gonzaemon? Har cikin kabari da sunana suke tafiya."

Oshige ta koma gida tana cizon leɓe. Ta zauna da mata goma sha ɗaya suka yi ɗinkin, amma ta hana kowa taɓa almakashi. Turmi ta haɗa da turmi, baki da baki, da irin faffaɗan ɗinkin da muke yi wa riga in mun san za a warware ta ranar wanki. Ba ta san yadda ƙyallen zai dawo ba. Ta dai ƙi yanka shi. Da aka auna, kowace ƙafa kamu ɗari biyu da arba'in.

Tafiya Edo kwana tara ce. An ɗauki ubangida a kafaɗar mutum huɗu, an ɗauki wando a kafaɗar mutum takwas, a gaba, da tuta. Duk garin da aka ratsa, mutane su faɗi su yi wa wando gaisuwa, kafin mai shi ya iso sun tashi sun kaɗe gwiwa sun koma aikinsu. Ya leƙo ya ga haka ya ce, "Kwarjini ke nan. Ba sa iya jure ni sau biyu."

Ranar gaisuwa da hantsi aka sa masa wandon a ƙofar fada. Mata ba sa wuce nan, sai Oshige ta zauna a bakin ƙofa da tulin ƙyalle a gabanta, tana sakar masa kaɗan-kaɗan kamar mai zura guga a rijiya. Ya shige yana jan ƙafa, hanci a sama. Ya ɓace mata. Ƙyalle na tafiya, tana saki, tana kallon rigar surukarta da ta 'ya'yan maƙwabta suna share wa Shogun daɓe.

"Uwa, kifi kike kamawa?" in ji wani mai gadi.

"Ƙato ma kuwa. Sai dai ba nama, duk iska ce."

Can sai ƙyalle ya tsaya cik. Ta jira. Inuwar ƙofa ta matsa, bai motsa ba. Ta ɗan ja, ta ji kamar an ɗaure shi a gindin itace. Jim kaɗan ya saki gaba ɗaya. Oshige ba ta tambayi kowa ba, ta hau janyowa, hannu bisa hannu, tana ninkewa. Ta ja, ta ja, har ƙugun wando ya iso hannunta da tsinkakken mazagi. Ba kowa a ciki.

Gonzaemon ne ya fito a guje, fuska kamar toka, ya ba ta labari. Ashe wani tsohon ubangida daga arewa, mai ƙasa ta tafiyar wata guda, ƙato kuma kurma, shi ya zo ya zauna a kan ƙafafun wandon, ya ɗauka shimfiɗa ce aka yi masa. Ƙarami kuwa ba ya fara yi wa babba magana a fada. Ubangidanmu ya tsaya a baranda, taku goma tsakaninsa da zauren, yana gyaran murya ga mutumin da ko tsawa ba ya ji. Aka kira sunansa sau ɗaya. Aka kira sau biyu. Wanda aka kira sau uku bai bayyana ba, ƙasarsa ta tafi. Ubangidanmu ya tattara duk jarumtar kakanninsa ya yunƙura. Mazagi ya tsinke, ya fita daga wandon kamar ƙwallon da aka matse daga 'ya'yan itace, ya zame a kan daɓen da ya sha gogewa, bai tsaya ba sai gaban Shogun, daga shi sai bante.

"Sai me Shogun ya ce?" in ji Oshige.

"Ya rufe fuska da mafici. Kafaɗunsa dai na ta rawa."

Kafin rana ta faɗi hukunci ya fito. Munetora ya sauka, ya aske kai, ya koma ɗakin ibadar kan dutse, ɗan ƙanensa ya hau. Wandon kuwa a fitar da shi daga Edo a ɓatar, kada a ƙara ganin ko zarensa.

"Wa zai ɓatar da wannan uban kaya?" Gonzaemon ya tambaya, kamar zai yi kuka.

"Bar ni da shi, baba," in ji Oshige. "Na san bakin zaren."

A hanyar dawowa ubangida bai yi shiru ba. "Ku rubuta," ya ce, "a duk iyayen ƙasar nan, ni kaɗai Shogun ya gani ba shamaki tsakaninmu."

Kwana uku da isarsu gida Oshige ta ja zare ɗaya, wando ya koma turame, ba ko ɗaya da ya yage, sai ɗan sawun zaman tsohon arewa a guda biyu. Ƙanƙara ta sauko ta tarar da kowa cikin riga, daga jariri har surukar Oshige. A wannan sanyin ba mu binne kowa ba.

Yana nan a kan dutsen har yanzu, yana gaya wa masu kawo masa gero cewa shi ya tufatar da ƙauye uku da hannunsa. Ni ba na musa masa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana mulkinmu, kuma sau ɗaya tak ya rufa mana asiri, ranar da nasa ya tonu.